Mai Wurno ko Khartum: ina jiki ya fi samun sauƙi?

Da yaƙi ya ɓarke a Khartum, babban birnin Sudan, ranar 15 ga Afrilu 2023, Hausawa da yawa sun koma wajen dangi a Mai Wurno da Gadarif da ƙauyukan Jazira, kafin wutar ta bi wasunsu har can. Waɗanda suka ɗanɗani zaman biyu yanzu suna ta musu a kai.

Da gaske ne mutumin ƙauye ya fi lafiya?

Cutarsa ce dai daban. A Jazira, ruwan da madatsar Sinnar ke turowa gonaki tun 1925 shi ne arziki, shi ne kuma gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Yaro ya yi wanka a tur'a, wato magudanar ruwan gona, bayan 'yan watanni a ga jini a fitsarinsa ko bayan gidansa. Maganinta ƙwaya ce, praziquantel, amma in ya koma ruwan zai sake kamuwa. A Gadarif kuwa akwai kala'azar, wadda wani ɗan ƙaramin ƙwaro ke sa wa mutum; yana son baƙar ƙasa mai tsagewa da gindin aduwa. Zazzaɓi ne da ba ya jin maganin maleriya, saifa ta kumbura, mutum ya rame. Allurarsa takan kai kwana 17. Ga kuma damina: hanya ta zama taɓo, mai naƙuda ta rasa motar asibiti.

To me ke cin ɗan birni?

Yawan zama da shan sukari. Wanda a gona yake yini da fartanya, a Umdurman, maƙwabciyar Khartum, yana yini cikin raksha (babur mai ƙafa uku) ko bakin shago, yana aika wa mai shayi sau huɗu, kowane kofi da ƙaramin cokali uku na sukari. Cokali 12 ke nan, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa baligi a yini, ba a ma lissafa lemon kwalba ba. Hawan jini kuma ba ya sallama. In awo ya riƙa nuna 140 bisa 90 ko sama, a ga likita ko da ba a jin komai.

Ai manomi ba shi da damuwa?

Wanda bai taɓa jiran ruwan sama da bashin iri a wuyansa ba ne ke faɗin haka. Damuwar manomi tana da lokaci: shuka, girbi, farashin riɗi. Ta ɗan birni ba ta hutu, haya ce yau, gobe wuta da kuɗin makaranta. A ganina abin da ya fi raba su shi ne jama'a. A ƙauye akwai gayya, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira nafir, kuma in ba a gan ka a masallaci da asuba ba, kafin hantsi an leƙo. A birni sai mutum ya kwana uku a kwance maƙwabci bai sani ba.

Yaushe damuwa ke zama ciwo?

In ta wuce mako biyu ba barci, ba cin abinci, abin da ke faranta rai ya daina, ko ƙarar ƙofa kawai ta sa gaba ya faɗi kamar ta harsashi. Addu'a da tofi ba sa hana zuwa asibiti. Dakta Tijani al-Mahi, wanda asibitin ƙwaƙwalwa na Umdurman ke ɗauke da sunansa, da kansa ya riƙa aiki tare da malaman addini wajen duba marasa lafiya.