Ni na zaɓi Allah ko shi ya zaɓe ni? Amsar masu wa'azin Lutheran

Tambaya: Joshuwa ya ce wa Isra'ilawa su zaɓi wanda za su bauta wa, to me ya sa fastocin Lutheran, wato masu bin koyarwar Martin Luther, ba sa cewa ceto zaɓin mutum ne?

Amsa: Saboda ba sa tsayawa a Joshuwa 24:15 kawai. Ka koma farkon surar, sai da Allah ya lissafa abin da ya riga ya yi musu, ya kira Ibrahim, ya fito da su daga Masar, ya ba su ƙasar da ba su sha wahalarta ba, sannan aka zo maganar zaɓi, kuma da jama'a suka amsa da ƙarfi cewa Ubangiji za su bi, a aya 19 Joshuwa ya faɗa musu kai tsaye ba za su iya ba. Wannan ayar kam tana taɓa ni sosai. Yesu ma a Yohanna 15:16 cewa ya yi shi ya zaɓi almajiransa.

Tambaya: Ke nan ba mu da zaɓi kwata-kwata?

Amsa: Muna da shi mana, a aure, sana'a, taimakon maƙwabci. Abin da Martin Luther ya ƙi yarda da shi a muhawararsa da wani masani mai suna Erasmus a 1525 shi ne wai mutum da ƙarfin kansa zai juyo ga Allah. Bangaskiya kyauta ce, Ruhu Mai Tsarki ke haifar da ita ta wurin Bishara, shi ya sa wa'azin fastocin Lutheran ke raba Shari'a da Bishara, ɗaya ta tona zunubinka, ɗayar ta sanar maka gafara saboda Almasihu.

Tambaya: Luka 12:51 fa, inda Yesu ya ce rabuwa ya kawo?

Amsa: Ba izinin tsokana ba ne fa. Gaskiya in ta shiga gida wasu su karɓa wasu su ƙi, rabuwar daga nan take. Luther kansa ya ɗanɗana a birnin Worms na Jamus a 1521 da ya ƙi janye koyarwarsa gaban sarki.

Tambaya: Manzanni ma sun yi rigima?

Amsa: Sosai ma. Bulus ya tsawata wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya saboda Bitrus ya daina cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba, wannan batun Bishara ne, ba a sassautawa. Amma saɓanin Bulus da Barnaba kan Markus a Ayyukan Manzanni 15 na aiki ne, suka rabu kowa ya kama hanyarsa, daga baya kuma a 2 Timoti 4:11 Bulus da kansa ya ce a zo masa da Markus don yana da amfani a hidima.