Waiwaye: gardamar tsaron Derek Jeter a Yankees

Masu bin wasan besbol na Amurka sun san akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, wai shin Derek Jeter na New York Yankees ya iya tsaro kuwa, wato tare ƙwallon da abokan hamayya suka doko, ko suna ne kawai ya rufa masa asiri. Gurbinsa tun 1995 har ya yi ritaya a 2014 shi ne shotstop, wato mai tsayawa tsakanin tasha ta biyu da ta uku inda ƙwallon da aka doko ta ƙasa ta fi biyowa, shi ya sa ƙungiyoyi ke ajiye wanda ya fi kowa zafin nama a wurin ko da hannunsa bai faɗa sosai a duka ba.

A duka kam babu mai ja da shi, duka 3,465 masu nasara ya tara, ga kofin World Series, wato gasar ƙarshe ta fitar da zakaran shekara, har biyar. Kuma idan da ido za ka auna tsaron nasa dole ya burge ka. A 2001 da suna wasa da Oakland ya sheƙo daga gurbinsa ya tsinci ƙwallon da aka jefo ba daidai ba ya cilla wa abokin wasansa Jorge Posada aka fitar da Jeremy Giambi na Oakland dab da gida, wato tashar ƙarshe inda ake cin maki, a Yulin 2004 kuma ya bi wata ƙwallon Boston a guje har ya afka cikin kujerun ƴan kallo, aka fito da shi fuska duk jini. To wa zai kalli wannan ya ce mutumin bai iya ba?

Inda maganar ta ɗau zafi shi ne Fabrairun 2004. Aaron Boone mai tsaron tasha ta uku ya ji ciwo a gwiwa wajen buga ƙwallon kwando, sai Yankees suka ba da Alfonso Soriano suka karɓo Alex Rodriguez daga Texas, mutumin da ya ci Gold Glove, wato kyautar wanda ya fi iya tsaro a gurbinsa, na shotstop a 2002 da 2003, kuma shi ne gwarzon ɗan wasan gasar da suke bugawa a 2003. Yanzu ga shotstop biyu a gida ɗaya, dole wani ya matsa. Jeter kyaftin ne tun 2003, gidansa ne, don haka baƙon ne ya koma tasha ta uku. Ni dai a nan nake ganin ƙungiyar ta fifita girman mutum a kan amfanin kanta, don wanda ya fi iya gurbin shi aka ture.

Daga nan Jeter ya shiga kwasar Gold Glove, 2004, 2005, 2006, sai 2009 da 2010. Masu horarwa ne ke zaɓe a lokacin, su kuwa abin da suka fi kallo shi ne kuskure, kuma gaskiya Jeter ba ya yawan yinsa, a 2010 shida kacal ya yi. Matsalar ita ce ƙwallon da ba ka kai gare ta ba sam ba a rubuta maka ita a kuskure, kamar golan da aka zura wa ƙwallo a kusurwa yana tsaye, ba wanda zai ce ta kuɓuce masa a hannu amma dai an ci. Masu lissafi irin su Bill James da John Dewan da suka zauna suna bin bidiyon ƙwallo ɗaya bayan ɗaya sai suka ga abin da ido ke tsallakewa, musamman ɓangaren Jeter na hagu, ta tsakiyar fili, nan ƙwallaye ke wuce shi alhali irin su Adam Everett na Houston suna cafke su ba tare da wani tsalle ba. A ma'aunin DRS, mai lissafa makin da tsaron ɗan wasa ya hana ko ya bari aka ci, makin da tsaronsa ya jawo wa ƙungiyar asara ya haura 150.

Su ma Yankees ɗin ba wai ba su gani ba ne. Bayan kakar 2007 Brian Cashman, babban manajansu, ya zaunar da shi ya faɗa masa gaskiya, kuma wallahi a nan Jeter ya burge ni, bai yi fushi ya zauna ba, horo ya sauya, a 2009 yana shekara 35 alƙaluman tsaronsa suka gyaru har suka ɗau kofi. Amma shekaru ba sa jira. Ƙarshen 2010 aka yi ta tsugunne-tashi kan kwantiragi kafin a daidaita a kan dala miliyan 51 na shekara uku, a Oktoban 2012 ya karye a idon sawu suna wasa da Detroit, 2013 wasa 17 kawai ya buga, duk da haka ba a taɓa sauya masa gurbi ba.

A 2013 ne aka fara sa lissafi cikin zaɓen Gold Glove, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Jeter na ajiye safar hannu kuwa, a Disambar 2014 Cashman ya ɗauko Didi Gregorius daga Arizona, yaron da a lokacin dukansa bai kai ya kawo ba, don tsaronsa aka kawo shi.