Waiwaye: Me Ya Sa Ma'aunin RNA Ke Haske a Kwalba, Ya Dushe a Cikin Ƙwayar Halitta?

Masu nazarin sinadaran jiki, har da ɗalibanmu na Samaru, sun rabu biyu kan ma'aunin RNA mai ƙyalli, wato zaren RNA (ɗan'uwan DNA) da ke haske in ya gamu da sinadarin da ake son aunawa. Wasu na ganin zai ture ma'aunin da ake yi da furotin, wasu na cewa haskensa ya yi rauni, ba a dogara da shi. Wannan gardama tana da tushe mai nisa.

Farkon labarin sananne ne. A 1962 Osamu Shimomura ya gano furotin mai koren haske, GFP, a jikin wata halittar teku, kuma a 1994 aka sa shi aiki a cikin wasu halittun. A 1990 aka fito da SELEX, hanyar tace ɗimbin zaren RNA a kwalbar gwaji har a samu mai kama sinadarin da ake so. A 2011 ɗakin binciken Samie Jaffrey a Amurka ya fitar da Spinach, zaren RNA da ke riƙe rinin DFHBI ya sa shi ƙyalli. Shekara guda bayan nan aka mayar da shi ma'aunin ƙananan sinadaran ƙwayar halitta irin su SAM da ADP a cikin bakteriyar E. coli.

Ginin ma'aunin kashi uku ne: ɓangaren da ke kama sinadari, ɓangaren da ke riƙe rini, da ɗan gajeren reshen da ya haɗa su. Sai sinadarin ya shiga reshen ke tsayawa, sannan gurbin rinin ya naɗu, haske ya fito. Reshen in ya cika ƙarfi, ma'aunin zai yi ta haske ko babu sinadarin. In ya cika rauni, ba zai taɓa haske ba. Shi ya sa ake gwada tsayi daban-daban kafin a dace.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 2014, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙa. Spinach ɗan kwalba ne, a nan aka zaɓe shi, inda magnesiyam ya wadata kuma babu abin da ke cin RNA. A cikin ƙwayar halitta kuwa, magnesiyam ɗin da ke sake bai cika wuce milimola 1 ba, zafi digiri 37 ne, alhali naɗin Spinach na fara warwarewa a wajen digiri 34. Saboda haka yawancin zaren ba ya naɗuwa daidai. Tamkar irin da aka zaɓa a fadama ne aka kai shi jigawa.

Masu Broccoli, sabon zaren RNA mai ƙyalli da ya fito a 2014, sun sauya wurin zaɓen. Bayan 'yan zagayen SELEX, sai suka zuba zaren da suka rage a cikin E. coli, suka sa rini, suka bi da ƙwayoyin ta na'urar FACS mai ware su ɗaya-ɗaya gwargwadon haskensu. Duk zaren da bai naɗu a cikin rai ba ya faɗi tun a nan. Wanda ya tsira, bayan an datse shi, haruffansa 49 ne, rabin na Spinach, buƙatarsa ta magnesiyam kaɗan ce, kuma yana jure zafi har wajen digiri 48. A shekarar ce kuma aka gano cewa gurbin rinin Spinach yana zaune kan naɗin guwanin (harafin G na RNA) hurhuɗu mai buƙatar fotasiyam. Wanda ya haɗa ruwan gwaji da sodiyam zalla zai ga haske ya dushe, ya ɗauka zarensa ne ya lalace.

Matsalar lalacewar zaren a ƙwayoyin ɗan Adam ta jira 2019, da dabarar Tornado ta haɗe bakin zaren biyu ya zama zobe, masu cinsa daga baki suka rasa mashiga. Pepper ma, wani zaren RNA mai ƙyalli, a shekarar ya fito daga Shanghai.

Mai son farawa a Zariya, E. coli ce mafi sauƙi. Ya nemi rinin DFHBI-1T, wani nau'in DFHBI, domin ya dace da matatar hasken GFP da aka saba samu a maikuroskof. A narka shi a ruwan narka sinadarai na DMSO, a raba ƙanana-ƙanana, a ajiye a duhu cikin firiza, don kada ɗaukewar wuta ta sa a yi ta narkewa da daskarewa. Fitilar maikuroskof kuma a riƙa kunna ta ɗan-ɗan, domin haske mai ɗorewa na juya siffar rinin ya daina ƙyalli, sai sabo ya maye gurbinsa. A kuma gwada daban da zaren da aka lalata masa wurin kama sinadari. In shi ma ya haskaka, ba sinadarin ake aunawa ba.