Kalmomin giyar inabi a Faransanci da Sifaniyanci

Giyar inabi ita ce ruwan 'ya'yan inabi da aka bari ya tsima har sukarin cikinsa ya juye ya zama abin sa maye, don haka dabam take da ruwan inabi zalla. Faransawa na kiranta vin, mutanen Sifaniya kuma vino, kuma da yawa daga kalmomin da ake rubutawa a jikin kwalbarta doka ce ta ƙayyade ma'anarsu.

A Faransa hankali ya fi karkata ga inda inabin ya fito. Terroir na nufin ƙasar gona haɗe da yanayin sama da gangaren wurin, waɗanda ake ganin su ke ba giyar ɗanɗanonta. A kan wannan tunani aka kafa tsarin AOC a 1935, wanda ya hana sa wa giya sunan yanki sai a can aka yi ta, bisa ƙa'idojin yankin. Shi ya sa ba kowace giya mai kumfa ce Champagne ba, sai wadda aka yi a yankin Champagne. Château, wato fada a Faransanci, a yankin Bordo (Bordeaux) gonar inabi ce da wurin sarrafawarta, ko da babu wata fada a wurin. Cru daraja ce ta gona, kuma jerin darajoji mafi shahara shi ne na Bordo, wanda aka tsara a 1855 bisa buƙatar sarkin Faransa na lokacin, Napoleon na uku. Brut kuwa giya ce mai kumfa wadda sukarinta bai kai giram 12 a lita ba, yayin da doux ke haura giram 50.

Su kuma mutanen Sifaniya, ko da yake suna da nasu tsarin yankuna mai suna DO, shekarun da giya ta yi a ajiye suka fi fitarwa fili, kuma wannan ya fi sauƙin fahimta ga baƙo. A yankin Rioja, jar giya, wato tinto, takan zama crianza bayan shekara 2, ɗaya daga ciki a gangar katako mai cin lita 225. Reserva na buƙatar shekara 3, gran reserva kuma shekara 5, aƙalla 2 a ganga. Bodega ita ce wurin sarrafa giya da adana ta, cava kuwa giyarsu ce mai kumfa, wadda akasarinta ake yi a Kataloniya.