Mece ce notafili?

Notafili ita ce sha'awar tara takardun kuɗi da nazarin abin da aka zana a kansu. Mai wannan sha'awa ba kashewa zai yi ba. Abin da yake dubawa shi ne shekarar bugu, sa hannun gwamnan babban banki, lambar takarda, da kuma lafiyarta. Wadda take sabuwa fil, ba ninki ba datti, takan ninka tsohuwar 'yar'uwarta a farashi, shi ya sa ake adana su cikin leda ta musamman, ba a goge su, ba a wanke su.

Amma a ganina daɗin abin yana cikin zanen, domin babu hoton da ya hau kuɗi da kansa, zama aka yi aka zaɓe shi. Ɗauki 'yar Murtala. Tun 1977 fuskar Janar Murtala Muhammad take kan naira 20, shekara guda bayan an kashe shi. Juya bayan ta roba da aka fitar a 2007, sai ga Ladi Kwali, maginiyar tukwane, tana kan aikinta. Bayan naira 10 matan Fulani ne ɗauke da ƙoren nono, naira 200 kuwa Sardauna a gaba, shanu da amfanin gona a baya, naira 500 Azikiwe da injin haƙar mai. Ka jera su, ka ga yadda hukuma ke ƙoƙarin ba kowane ɓangare nasa. Ko rubutun ajami da aka cire daga ƙananan takardu a 2007 ya isa ya sa mai tarawa ya nemi tsohon bugu da sabo ya ajiye su gefe da gefe, don ce-ce-ku-cen da cirewar ta jawo tarihi ne.

Sauran ƙasashe ma haka. Kuɗin sefa na Afirka ta Yamma suna ɗauke da alamar kifi mai zarto, wadda aka ɗauko daga ma'aunin zinare na mutanen Akan na Gana da Kodebuwa. Afirka ta Kudu ta sa manyan namun dajinta biyar, a 2012 ta ƙara Mandela a gaba. A Zayar, wato Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yanzu, da shugaba Mobutu ya faɗi a 1997, huda wasu takardun aka yi aka cire fuskarsa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shiga hannun masu tarawa a duniya ita ce ta Zimbabuwe, mai dalar ƙasar tiriliyan 100, da aka fitar a farkon 2009 lokacin da hauhawar farashi ta cinye darajar kuɗin ƙasar. A gabanta akwai duwatsun Chiremba da ke ɗore kan juna kusa da Harare. A zamaninta da ƙyar take sayen abin kirki, yau kuma saboda yawan masu nemanta har jabunta ake bugawa, don haka mai saye sai ya duba zaren tsaro da irin takardar kafin ya biya.