Kaskon shisha ya fashe: a liƙe shi ko a sake wani?

A majalisarmu da ke bayan Ƙofar Ƙaura, a nan Katsina, an kwana biyu ana gardama a kan wani kaskon shisha da ya suɓuce wa wani ƙanenmu ya rabe biyu a kan siminti. Kasko nake nufi, ɗan ƙoƙon nan na sama da ake zuba taba a rufe da foyil a ɗora gawayi. Wasu kai suke ce masa. Ni ba mashayi ba ne, amma a gaban kakata mai ginin tukwane na tashi, don haka da aka zo batun yumɓu da wuta sai aka juyo kaina. Ga abin da aka tambaye ni, ga kuma abin da na ce.

Yaya, in na sa masa sufa gulu ko Araldite ba zai kama ba?

Zai kama sarai, har ka riƙa nuna wa mutane cewa ko alamar tsagar ba a gani. Rigimar tana farawa ne in wuta ta hau. Gawayin da ya yi jawur zafinsa ya haura digiri 500 a ma'aunin Salsiyas. Sufa gulu kuwa tun kafin a kai zafin tafasar ruwa, wato digiri 100, ta fara sakin jiki. Araldite, wato gam mai ruwa biyu da ake cakuɗawa, ya ɗan fi ta ƙarfin hali, amma irin wanda ake sayarwa a shagunan kayan gini an yi shi ne don katako da ƙarfe da tangaran mai sanyi, ba don a zauna da garwashi a kansa na sa'a guda ba.

Abu biyu ke biyo baya. Ko dai liƙin ya saki ana tsakiyar sha, garwashi ya zubo a kan darduma ko ƙafar mutum, ko kuma gam ɗin ya riƙa toyewa a hankali yana fitar da tiriri. Na biyun ya fi ba ni tsoro, domin ba a ganinsa. Duk abin da ya tashi daga cikin kaskon nan hanya ɗaya gare shi: ya bi bututu, ya ratsa ruwa, ya shiga tiyo, ya sauka a ƙirjinka. Ƙamshin tufa ko na'a-na'a ma zai rufe warin, ka sha ba ka sani ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

To jan gam ɗin nan da makanikai ke liƙe inji da shi fa? Ai shi yana jure zafi.

Yana jurewa, amma iyakarsa wajen digiri 300, kuma bakin kasko a ƙarƙashin gawayi yake kai tsaye. Ban da haka, wanda ya haɗa shi inji ya yi wa, bai yi tunanin huhun ɗan Adam ba. Akwai kuma simintin murhu da ba ya tsoron wuta ko kaɗan, sai dai in ya bushe yakan yi gautsi, yana marmashewa cikin tabar.

A kai wa mai ginin tukwane ya shafa ɗanyen yumɓu ya sake gasawa mana.

Wannan ce tambayar da ta sa ni dariya, don na taɓa yi wa kakata irinta a kan wata tukunya, ta ce da ni: "Ɗan nan, ƙwarya ce ke da gyartai, tukunya ba ta da shi." Gaskiyarta. Ƙwarya in ta fashe a huda a ɗinke, ta koma aiki. Yumɓu kuwa da zarar ya ci wuta ya tashi daga ƙasa ya zama wani abu dabam. Ko shekara ya yi a ruwa ba zai sake narkewa ba. In ka shafa masa ɗanye, ɗanyen zai tsuke yayin da yake bushewa, ya ƙara tsukewa a wuta, shi kuwa tsohon yana nan yadda yake. Ƙarshenta liƙin ya ɓamɓare kamar ɓawon gyambo.

Wani a majalisar ya kawo batun mutanen Japan da ke haɗa fasasshen kwano su bi tsagar da ruwan zinariya, abin da suke kira kintsugi. Haka ne, kuma yana da kyan gani. Amma da ƙaron wata bishiya suke liƙewa, kuma kwanon shan shayi ne, ba mazaunin garwashi ba.

Kenan babu lahanin da ke gyaruwa?

Akwai, matuƙar ba sai an sa gam ba. In bakin kaskon ne ya ɗan ɓalle, sami samfefa mai laushi ka jiƙa ta, ka goge kaifin har ya daina yankar yatsa, sannan ka wanke ƙurar tas. Ka riƙa ninka foyil biyu don ya toshe giɓin. In kuma gindin ne ya ɓantare, inda yake zama a kan roba, nan zafi bai kai na sama ba. Goge shi, ka sa roba mai kauri, ka tabbata ba ya rawa kuma iska ba ta shiga.

Wadda ke yaudarar mutane ita ce siririyar tsaga mai kamar silin gashi. Toshe ramukan da hayaƙi ke bi da yatsa ka cika kaskon da ruwa, ka duba ko bayansa zai yi gumi ta wurin. In ya yi, ruwan tabar ma zai bi nan, kuma kowane zafi da sanyi ƙara buɗe ta yake yi. Kwanansa ya ƙare.

Nawa bai faɗi ba, ina wankewa kawai na ji ƙas. Me ya jawo?

Da zafinsa ka wanke. Tangaran in ya ɗau zafi yakan ɗan buɗe, in ya huce ya koma. In ka kwara masa ruwan randa, musamman da hunturu, fatar waje ta tsuke nan take alhali cikin bai huce ba, sai ya tsage. Bar shi ya huce da kansa.

In zan sayi sabo, wane iri ya fi?

Wutar da aka gasa shi da ita ce ke raba su. Tukwanenmu na gida da ake gasawa a fili da kara da itace ba su cika wuce digiri 900 ba. Jan kasko na masana'anta, irin wanda aka fi sani da na Masar, ana gasa shi a wajen 1,000 zuwa 1,150. Yana raba zafi a hankali, ba shi da tsada, amma jikinsa na shan ruwa, don haka in ka sha na'a-na'a a ciki yau, gobe ko inabi ka zuba sai ka ji ta. Akwai kuma mai tauri kamar dutse da ake kai wa 1,200 zuwa 1,300. Shi ba ya shan ruwa sosai, yana riƙe zafi, yana kuma daɗewa. A ganina shi ne gaba, in aljihu ya yarda.

Wanda nake gudu shi ne farin nan mara nauyi mai ƙyalli da ke zuwa kyauta cikin kwalin shisha mai arha. Zuba shi ake yi a mazubi, bangonsa siriri, yana ɗaukar zafi da sauri ya ƙona tabar sama ta ƙasa ko ɗumi ba ta yi ba. Yawancin waɗanda ake kawo mini a fashe irinsa ne. Arha dai ba ta ado. Na roba mai jure zafi, wato silikon, ba ya fashewa ko an jefar, sai dai bai iya riƙe zafi kamar yumɓu ba.

A kasuwa ta yaya zan gane mai kyau?

Yi abin da iyayenmu mata ke yi in za su sayi randa: ƙwanƙwasa. Riƙe shi da yatsu biyu ka buga masa farce ko makulli. Lafiyayye yakan yi ƙara siririya mai ɗan ja, mai ɓoyayyiyar tsaga kuwa sai ya ce "ƙwaf" ya yi shiru. Auna nauyinsa a tafin hannu. Ɗiga ruwa a gindinsa inda ba a shafa ƙyalli ba. In ya tsotse nan take, ka san zai riƙe ƙamshi. Leƙa ramukan ka ga ko an huda su tsaf.

Sai ƙyallin ciki. In ka ga yana ɓarewa, ko fenti ne kawai aka shafa bayan gashi har farce na kankare shi, ajiye musu kayansu. Wasu ƙyallin da ake gasawa a ƙaramar wuta ana haɗa su da dalma, kuma mu da muke maƙwabtaka da Zamfara mun ga abin da gubar dalma ta yi a 2010, lokacin da ɗaruruwan yara suka rasu a ƙauyukan da ake haƙar zinariya. Ido ba ya gane dalma, shi ya sa kasko mara ƙyalli a ciki, ko na kamfanin da ya sa sunansa a jiki, ya fi kwanciyar hankali.

Mai ramuka a ƙasa da mai turke a tsakiya, wanne ne?

Ya danganta da tabar. Mai ramuka a ƙasa ruwan tabar na ɗiga cikin bututu, ta yi saurin bushewa. Mai turke rami ɗaya gare shi a saman turken, ruwan ya tsaya a kaskon. Taba mai ruwa-ruwa ta fi son mai turke. Amma turken nan shi ne farkon karyewa in ya faɗi.

Kasko mai kyau yana rage illar shisha?

Ko kaɗan. Abin da yake hanawa shi ne ƙarin wata guba a kan wadda ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa a zaman sa'a guda mai shan shisha na iya zuƙar hayaƙin da ya kai na sigari ɗari ko fiye. Gawayin kansa yana fitar da iskar nan mara wari da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki, shi ya sa wasu ke tashi da jiri da ciwon kai in an sha a rufaffen wuri. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 kuma ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, shisha na ciki.

To wannan da ya rabe biyu, in yi yaya da shi?

In jan yumɓu ne mara ƙyalli, kai wa masu ginin tukwane. Tsingaro ba shara ba ne a wurinsu. Dakawa suke yi su cuɗa da sabon yumɓu don kada tukunya ta fashe a wuta. In mai ƙyalli ne, naɗe shi a takarda kafin ka jefa a bola, saboda ƙafar yara da almajirai. Ƙanen namu dai ya liƙe nasa da sufa gulu duk da haka, amma a kan tebur ya ajiye shi, yana zuba makullan babur a ciki.