Ƙungiyoyin aikin gayya a birnin Katsina: tambayoyi da amsoshi

Wace irin ƙungiya ake nufi? 'Yan sa-kai ne?

A'a. A Katsina yau in ka ce 'yan sa-kai, hankalin mutane kan tafi ne ga masu gadin ƙauyuka saboda halin tsaro. Waɗanda muke magana a kansu mutanen unguwa ne, tela da malamin makaranta da mai Keke Napep da ma'aikacin gwamnati, da suka haɗa kai suna zuba kuɗin wata-wata, suna yi wa gari aiki ba tare da ko sisi ya shiga aljihunsu ba.

To, wane aiki suke yi?

Babban aikinsu yakan zo ne gab da damina. Cikin gari lunguna ne matsattsu, gidaje da yawa kuma har yanzu na ƙasa ne. In lambatu ya cushe da leda da yashi, ruwan dare ɗaya ya isa ya kwanta a gindin katanga, kafin asuba sai ka ji an ce gidan wane ya rufta. Shi ya sa za ka gan su da sassafe bayan sallar asuba, an naɗe ƙafar wando, wani riƙe da shebur, wani da manjagara, yara na tura baro. Baƙar laka mai wari ake kwasowa, a tara a bakin hanya. Can sai ga wata tsohuwa ta aiko jikanta da kwanon kunu, tana cewa daga zaure, "Sannunku da aiki 'ya'yan nan, Allah Ya yi albarka."

Sai makabarta. A irin su Ɗanmarna, inda aka binne marigayi shugaban ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010, ruwan sama kan zaftare kaburbura, ciyawa ta rufe hanya. Ciko da sassabe aikin irin waɗannan ƙungiyoyi ne, kuma ni a ganina babu wanda ya fi shi lada, don wanda ka yi wa ba zai taso ya gode maka ba. Akwai kuma ba da jini a asibiti da ɗinka wa marayu kayan sallah.

Ina alaƙar wannan da tarihin birnin?

Dubi ganuwa. Wannan tulin ƙasa da ya kewaye tsohon gari a da, da ƙofofinsa irin su Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Guga da Ƙofar 'Yanɗaka, hannun jama'a ne ya tada shi, kwando bayan kwando. Ginin ƙasa kuwa ba a gama shi sau ɗaya. Kowace damina sai ta ci rabonta, kowane rani sai an koma an yi yaɓe. Birnin da ya fitar da Wali Ɗanmasani da Wali Ɗanmarna, ya kuma karɓi Kwalejin Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, inda su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ya kawo yau ne saboda ba a taɓa rasa masu fitowa gayya ba. Kirarin nan na "ta Dikko ɗakin kara" ma ai abin da yake faɗi ke nan: a yi wa mutum abu don mutunci, ba don ya biya ba.

Ƙungiya za ta iya gyara hasumiyar Gobarau ko ganuwa da kanta?

Ba ta da wannan hurumi. Gobarau, wadda ake danganta ta da zamanin Muhammadu Korau, tana cikin kayan tarihin da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ke riƙe da su. Kyakkyawar niyya ma tana iya yin ɓarna: in ka shafe ginin ƙasa da siminti, danshi zai maƙale a ciki, ƙasar ta jiƙe, wata rana shafen ya ɓalle da ita gaba ɗaya. Wannan aikin magina ne da suka san tubali da makuba. Abin da ƙungiya za ta iya shi ne share kewaye, hana zuba shara, da kai ƙara wurin mai unguwa in an ga masu ɗibar ƙasar ganuwa suna yin gini da ita.

Me ke kashe irin waɗannan ƙungiyoyi?

Kuɗi da siyasa. Ma'aji ya daina karanta lissafi a gaban taro, ko ɗan takara ya kawo buhunan shinkafa a raba da sunansa. Daga nan rabin mambobi sun janye.

Wanda ke son shiga fa, ta ina zai fara?

Ya tambayi limamin masallacin unguwarsu ko mai unguwa, su suka san masu fita. In babu ƙungiya, mutum biyar da shebur biyu sun isa farawa, a sanar da mai unguwa, a tsai da Asabar ɗaya a watan Mayu kafin ruwa ya zauna.